Yadda laftof ɗin Maraɗi ta kusa zautar da ni

Laftof ɗin nan yayan matata ne ya aiko mata da ita daga Maraɗi, bayan an buɗe boda a watan Maris na 2024, wani direba mai jigila ta Jibiya da Ɗan Isa ne ya kawo ta cikin kwali an nannaɗe ta da zani kamar jaririya. Madam 'yar can ce, da Faransanci ta yi karatunta tun daga firamare, a nan Katsina ma Faransancin take koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ni kuma sana'ata taifin, ina da ɗan shago ina buga wa ɗalibai furojet, yawancinsu 'yan sashen Hausa ne, sai masu takardar neman aiki da katin biki. Tsohuwar kwamfutata ta tebur ta daɗe tana min tsiya, da an ɗauke wuta shikenan aiki ya tsaya sai in na tada janareto, to da na ga laftof mai batirin da ke riƙe awa uku ai sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, muka yi yarjejeniya da rana tawa ce da dare tata.

Daren farko na buɗe ta komai da Faransanci, ban damu ba tunda alamar Word ko a ina ka gan ta ka san ta. Na ɗora yatsu yadda na saba, ni dama ba na kallon kibod in ina aiki, sama da shekara goma hannu ya riga ya haddace. Na rubuta salamu alaikum don gwaji, ina ɗaga kai na ga sqlq,u qlqiku, a kan allo. Na goge na rubuta wannan, ta ba ni zqnnqn. Zuwa ta koma wuzq. Na ce innalillahi an aiko mana da mai aljanu. Madam tana gefe tana dariya har da riƙe ciki, ta ce Malam duba hannunka mana, ai kilabiyen ba irin naku ba ne. Sai a lokacin na sunkuya na duba, layin sama maimakon QWERTY sai ga AZERTY, A da Q sun yi musayar gida, Z da W ma haka, M ta bar layin ƙasa ta koma kusa da L, lambobi kuma sai ka danne Shift kafin su fito in ba haka ba & da é da è da ç za ka yi ta gani. Kuma ka san Hausa, da wuya ka yi kalma biyu ba a a ciki, w da m ma ba su hutawa, wato haruffan da muka fi wahalarwa su aka tashi aka sauya wa mazauni.

Ni a tunanina matsalar ta ƙarfe ce, tunda madannan ne a hargitse ai sai a kawo wasu. Washegari na je shago na zare kibod ɗin tsohuwar kwamfutata mai QWERTY na soka a laftof ɗin ina jin kaina wani injiniya. Na danna A, ga ta nan ɓaro-ɓaro an rubuta A a jikin madannin, allo ya ba ni q. Wallahi nan kaina ya ɗaure tamau. Kuma ranar akwai wata ɗaliba da ke jiran babi na biyu, haka na zauna ina taifin da yatsa biyu ina leƙen kibod kamar ɗan koyo, na samu na yi shafi uku da kyar, sai na yi kuskure na kai hannu zan danna Ctrl da Z in mayar da abin da na goge, hannu ya tafi inda ya saba, ashe a wurin nan W ce yanzu, Ctrl da W kuwa rufe takarda yake yi. Wani akwati ya fito da zaɓi uku duk da Faransanci, na danna na tsakiya da ka, ashe shi ne kar a ajiye. Shafi uku suka bi ruwa. Ban gaya wa yarinyar gaskiya ba, na ce mata wuta ce.

Da yamma na ɗauke ta na kai wa wani yaro mai gyaran kwamfuta da waya a layinmu, yaro ne ƙarami amma Allah ya ba shi kai. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce Oga, rubutun da ke jikin madannin nan fenti ne kawai. Ya ce kibod ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar gurbi yake aikawa, ya ce mata an taɓa madanni na kaza a layi na kaza, Windows ne ke duba tsarin da aka zaɓa masa ya fassara gurbin zuwa harafi, shi ya sa ko kibod goma na jona duk abu ɗaya za su ba ni muddin a ƙasan allo ta dama kusa da agogo ana ganin FRA. Na duba, ga FRA ɗin kuwa tana kallona. Ya so ya karɓa ya yi min gaba ɗaya, na ce a'a nuna min hanya dai, abin da zan ci abinci da shi kullum gara in san cikinsa. Ya ce to amma kafin komai in danna madannin Windows da R in rubuta winver in ga wane iri ne, domin akwai wanda ake kira Single Language, shi wannan harshen da ya zo da shi da shi zai mutu, ba ya yarda a canza harshen fuskarsa sai dai a sauya shi da wani irin Windows ɗin. Ko winver ɗin ma sai da na rubuta zinver tukuna. Allah ya taimake ni namu Windows 10 Professionnel ne.

Daga nan aikin ya koma na mutum biyu. Bidiyoyin da nake kallo a waya duk da Turanci suke nuna wuraren, allon gabana kuma Faransanci, Madam ta iya karanta allon amma ba ta san sunayen da Turanci ba, ni na san na Turancin ban iya karanta nata ba, sai muka zauna kan tabarma bayan isha'i kamar makaho da gurgu, ina cewa nemo min inda ake maganar lokaci da harshe tana cewa ga shi Heure et langue, a cikin Paramètres. Muka shiga Langue, muka danna ƙara harshe, jerin Turanci ya fito iri-iri har da na Najeriya da na Indiya, ni kuma da kaifin basirata na ce ai Turancin Ingila aka koya mana a makaranta, na zaɓi United Kingdom.

Daunlodin ya ƙi. Ya fara kamar zai yi sai ya tsaya ya watso wata lamba 0x800F0908, na sake ya sake, har sau huɗu, na fara zargin netwok na fita tsakar gida da waya a hannu ina ɗagawa sama. Da na kwafi lambar na bincika sai na gane ashe ni na jawo, ranar farko da na haɗa ta da hotspot na wayata na sa Madam ta kunna min abin nan na tsimin data, Connexion limitée suke ce masa, don kar kwamfutar ta shanye min data, to shi Windows in ya ga an ce data a ƙididdige take ba ya sauko da kunshin harshe. Na kashe shi, cikin ɗan lokaci ya sauka. Sai dai ina kashewa shi ma ya samu ƙofa ya fara jan nasa sabuntawar da ya daɗe yana jira, kafin in farga datar da na saya ta wata ta yi rabi. In za ka yi, da harshen ya gama sauka ka koma ka kunna abinka.

Na zaɓi Turanci a matsayin harshen fuska, ya ce sai na fita na sake shiga, na yi, sai ga Settings ga Recycle Bin ga komai yadda na san shi, na ji kamar na dawo gida daga doguwar tafiya. Salamu alaikum ta fito daidai. Na ce shikenan an gama.

Ba a gama ba. Na zo shiga imel na danna Shift da 2 don in sa @ sai ga alamar zance ", na nemi @ sama da ƙasa na same ta can kusa da Enter inda " ɗin take zama a kibod ɗina. Ashe Turancin Ingila da nasa tsarin kibod yake zuwa, mu kuma yawancin kibod ɗin da ke kasuwanninmu tsarin Amurka ne, harafi duk ɗaya amma alamomi sun bambanta, har £ ke fitowa a kan 3. Wannan bai ba ni wuya ba, na danna kan harshen na shiga Options na ce a ƙara kibod, na hango United States na danna na cire na Ingila. Abin da ban lura ba, wanda na danna ɗin akwai ƙarin kalma a gabansa, United States-International, shi kuwa wannan shi ya fi kowanne cin mutuncina domin ba ya nuna kansa da wuri. Komai lafiya lau, @ tana wurinta, sai da na koma kan furojet ɗin yarinyar nan na rubuta jama'a na ga jamaá, sana'a ta zama sanaá, 'ya'ya kuwa ýaýa, 'yan kasuwa ýan kasuwa. In ka danna alamar ɗaurin nan ' ba ta fitowa, sai ta laɓe tana jiran harafin da zai biyo, in wasali ne ko y sai ta haye kansa ta zauna. An yi shi ne don masu rubuta harsunan Turai da kibod ɗin Amurka, a wurinsu gata ne, a wurin mai rubuta Hausa kuwa da kowane shafi sai ka yi ma'ana da sa'a da al'umma da 'yan kaza sau ashirin, azaba ce. Wai sai ka danna alamar ka danna sarari sannan ta fito ita kaɗai. Kwana biyu ina wannan rawar ina zaton wani sabon salo ne na Word, har na shiga AutoCorrect na kashe abubuwan da ba su ji ba ba su gani ba, kafin na kai linzami kan ENG ɗin nan na ƙasa na ga an rubuta INTL a ƙarƙashinsa. Na cire shi na sa US zalla.

A cikin wannan murnar ce na ce bari in sa mata fasawod saboda yara. Na sa wata kalma mai farawa da amana na ƙara 2024 a baya, na kashe na kwanta. Da asuba na kunna, na rubuta, ta ce Le mot de passe est incorrect. Na farko dai na yi mamakin ganin Faransanci tunda na ɗauka na kore shi, na biyu na san ban manta ba don ni na sa da hannuna jiya. Na sake a hankali harafi bayan harafi, ta ƙi. Gumi ya fara keto min da sanyin asubar nan, aikin mutane uku na ciki, ga takardun jarabawar Madam, ga shi kayan aro ne a wurina in an bi ta gaskiya. Ina ta istigfari sai na lura da wata 'yar alama kamar ido a ƙarshen akwatin fasawod ɗin, na rubuta na danne ta, sai ga abin da nake ta aikawa: q,qnq sannan éàé' a madadin 2024. Wato allon shiga yana nan da AZERTY ɗinsa, canjin da na yi a cikin ɗakina kawai na yi shi, zauren gidan bai san an yi ba. A ƙasa ta dama ga FRA nan, na danna na mayar ENG, ta buɗe. Na daɗe zaune ban ce komai ba.

Gyaran wannan ba a cikin Settings yake ba, wani tsohon lungu ne. Windows da R, ka rubuta intl.cpl, ka shiga Administrative, ka danna Copy settings, zai nuna maka jeri uku, naka da na allon maraba da na sabbin masu amfani, kowanne da harshensa da kibod ɗinsa, a nan na ga nawa English na allon maraba Français. Na yi alama a akwatin Welcome screen and system accounts na yi ristat, zaure ya koma Turanci.

To duk wannan bidirin da nake yi na manta da mai kaya. Daren Lahadi ta zauna za ta buga tambayoyin gwaji na 'yan aji biyu, ta danna inda aka rubuta A ta ga q, ta danna Q ta ga a, wato abin da ya same ni ranar farko ya same ta a juye, ita kuma tana kallon madannai ne in tana rubutu, ga é da è da ç da à duk sun ɓace, Faransanci kuwa ba ya rubutuwa ba su. Ta buɗe Excel inda take tara makin ɗalibai, ta rubuta 12,5 yadda ta saba ya ƙi ɗaukarsa a matsayin sha biyu da rabi, don ni na bi na canza Regional format ma zuwa na Najeriya saboda ina son ₦, su kuma a tsarin Faransa waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta ba ɗigo ba, cikin lissafin Excel ma waƙafi mai ɗigo (;) suke sawa inda muke sa waƙafi. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce Malam, Yaya ni ya aiko wa ko kai? Na ce ke ce. Ta ce to a mayar min da abuna yadda yake. Har na kawo shawarar a sayo sitika a liƙa wa madannan su koma QWERTY, kallon da ta yi min ya sa na janye.

Na nuna mata Windows da sarari, yadda ake tsallakawa daga ENG zuwa FRA, muka yi kwana uku a haka ba daɗi, ita ta bar shi a FRA in zo da safe in rubuta zqnnqn, ni in bar shi a ENG ta zo da dare ta yi tsaki, fuskar kuma Turanci ce ba ta jin daɗinta. Yaron nan mai gyara ne ya sake fitar da ni, ya ce Oga ai harshen fuska da kibod da tsarin lamba duk na kowane akawun daban ne, ku raba ɗaki mana. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko kenan. Na buɗe sabon akawun nawa a Accounts wajen Family & other users, tunda kunshin Turancin ya riga ya sauka ban sake kashe data ba, na kwashe fayilolina na kai can, nata na mayar mata da Français da AZERTY da waƙafinta, na cire ENG daga jerinta gaba ɗaya. Kwamfuta ɗaya, in ta shiga Maraɗi in na shiga Katsina.

Sai da hankalina ya kwanta sannan na waiwayi abin da ya fi damuna tun ba yau ba, haruffa masu lanƙwasa. Mu da muka daɗe a harkar nan mun san tarihin wahalarsu. Akwai font ɗin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun shekarun 1990, sun yi wa Hausa aiki ba kaɗan ba a lokacin da babu wata hanya, dabarar ita ce an ɗauki wasu madannai da ba a cika amfani da su ba an zana musu ƙ da ɗ da ɓ, a kan takarda sai ka ga rubutu tsaf, amma da ka kai fayil ɗin kwamfutar da ba ta da font ɗin ko ka kwafa ka sa a intanet sai ka ga }asa da ]aya da ~angare. Wasu kuma suka koma q da x da v tunda babu su a abacadar Hausa, qasa, xaya, varawo. Ni kaina na yi shekaru ina rubuta 0199 in danna Alt da X a Word ta koma ƙ, 0257 ta ba ni ɗ, 0253 ta ba ni ɓ, wani lokacin ma a waya nake rubuta su da Gboard in tura wa kaina in kwafa. Ashe duk tsawon lokacin nan Windows na da kibod ɗin Hausa a cikinsa ban taɓa dubawa ba, sai da wahalar laftof ɗin nan ta sa na haddace wurin ƙara harshe, ranar ina zaune na ce bari in rubuta Hausa a wurin neman in gani, sai ga ta. Tsarinsa QWERTY ne sak, bambancin kawai Alt na dama, wanda a jikin laftof ɗin an ma rubuta masa Alt Gr, ka danne shi ka taɓa k ka samu ƙ, d ta ba ka ɗ, b ta ba ka ɓ, ka haɗa da Shift ka samu manyansu. Na rubuta ƙaiƙayi koma kan masheƙiya ya fi sau biyar ina murmushi ni kaɗai a shago. Har ƴ tana nan a kan y, wadda mu a Najeriya muke rubutawa 'y, da na nuna wa Madam ta ce ai su a Nijar da ita ake rubutawa a littattafan Hausa, ƴaƴa, ta ce tasu ta fi kyau, ban yi musu ba don in da ita muke amfani da ýaýa ba ta same ni ba.

Shi ma ya zo da nasa ƙananan rigingimun. Ina cikin rubutu a burauza in danna Alt na dama da d sai in ga rubutuna ya tsaya, alamar ta yi tsalle ta koma can sama wurin adireshi. Abin da ke faruwa kibod ɗin ya zame daga HAU ya koma ENG ban sani ba, a tsarin US kuwa Alt na dama Alt ne kawai, Alt da D kuma umarni ne na zuwa wurin adireshi. Mai zamar da shi kuma hannuna ne, Alt na hagu da Shift in suka haɗu suna canza harshe, ni kuma ina yawan haɗa su ba da niyya ba. A Advanced keyboard settings akwai Input language hot keys, na shiga na mayar da shi Not Assigned, na bar Windows da sarari kawai tunda shi ba a danna shi da kuskure. A wannan shafin dai na zaɓi Hausa a Override for default input method don kwamfutar ta riƙa tashi da shi, na kuma cire alamar da ke barin kowace manhaja ta riƙe nata kibod daban, don ita ma tana rikita ni, Word na HAU burauza na ENG.

Word kuwa ashe shi ma da nasa harshen daban, Windows ya koma Turanci amma shi yana nan da Fichier da Accueil, in danna Ctrl da B don in kaurara rubutu ya yi biris, wai a na Faransa Ctrl da G ne. In na buɗe tsohuwar takardar da aka fara a matsayin Faransanci kuma sai ya riƙa sa min « » a madadin alamar zance yana tura sarari kafin alamar tambaya, ga jan layi ƙarƙashin kowace kalma kamar an yanka kaza a shafin. Sai da na sauko wa Office nasa kunshin Turancin ta File da Options da Language, wata datar kenan, jan layin kuma na zaɓi rubutun duka na shiga Review na ce kar a duba kuskuren rubutu. Tsofaffin fayilolin da ɗalibai ke kawo min masu } da ] yanzu Find and Replace nake musu, } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, masu q da x da v kuma sai na yi alama a Match case kuma in bi a hankali, don akwai ranar da na yi wa wani gaba ɗaya har da jerin manazartarsa na Turanci, University ta koma Uniɓersity, sai da malaminsa ya zagaye masa da jan biro. Kuma kafin in kai ko'ina a buga sai na mayar PDF, font kuma Times New Roman ko Arial, domin irin masu ƙwalisar nan na katin biki da yawansu ba su da ƙ, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan suna.

Na ma gwada mayar da fuskar Windows ɗin Hausa don in ga ƙwal uwar daka, akwai ta a Windows 10, ta yi min daɗin gani amma rabi da rabi ce, ka shiga nan Hausa ka leƙa can Turanci, kuma in matsala ta taso ka je nema a intanet ba ka san sunan abin da Turanci ba, ka koma irin zaman da muka yi da Madam kan tabarma. Kwana biyu na mayar Turanci na bar kibod ɗin kawai.

Maganar fasawod kuwa, tunda allon shiga ɗaya ne mu biyu, kuma ba kullum mutum ke tuna ya kalli kusurwa ya ga FRA ne ko ENG ba, sai muka yanke kowa ya nemi kalmomin da babu a, babu m, babu w, babu z, babu q, babu lamba, don su fito iri ɗaya ko wane tsari ke kai. Ka gwada nemo irinsu a Hausa ka ji, muka kwashe kusan rabin awa muna jefa wa juna, gishiri, kifi, tulu, rogo, birni, duk wadda na kawo mai daɗi sai ta ce akwai a a ciki. Kowa dai ya haɗa nasa guda uku ya riƙe a ransa.

Bayan kamar sati biyu da lafawar komai, na bar ta a buɗe na fita alwala, na dawo na tarar da 'yar autarmu tana ta dukan madannai da tafin hannu. Na ɗauke ta na zauna zan ci gaba, aikin wata ce a kan sana'o'in mata, na rubuta ƙuli-ƙuli ban ma kai ga lanƙwasar ba na ga u ta zama 4, l ta zama 3, i ta zama 5, k kuma 2. Na duba kusurwa HAU ce lafiya lau. Na shiga Language na duba, na shiga intl.cpl, na cire Hausa na sake sawa, na yi ristat sau biyu, na fara tunanin ko wani sabon tsarin ne ya shigo da kansa, rabin awa ina abu ɗaya. Madam ta zo wucewa da kwanon tuwo ta leƙo ta kafaɗata, ta ga wata 'yar fitila a kunne a saman kibod ɗin, ta sa ɗan yatsa ɗaya ta danne Fn ta taɓa wani madanni da aka rubuta wa Verr Num, fitilar ta mutu, ta wuce abinta.